Muryar Malam a Sabon Falo

Ga misali ga duk mai shirin ɗora wa lasifika laifi. An yi wani tela da Allah ya buɗa wa, ya gina gidan siminti a bayan gari, ya ware wani ɗan ƙaramin falo ya ce wannan nasa ne. Ya sa tayil mai sheƙi, ya shafe bango da fenti mai santsi, ya kafa tagar gilas. Matarsa ta kawo labule, ya ce zai tare haske. Ta kawo darduma, ya ce ina amfanin tayil in za a rufe shi. Ya girke rikoda, ya cusa lasifika biyu a kusurwa, ya koma gefe yana kallon ɗaki fayau, ransa fari.

Abin da ya fi daraja a gidan kuwa ba tayil ba ne. Wani tsohon kaset ne da marigayi mahaifinsa ya aiko daga ci-rani a Kurmi, zamanin da babu waya, lokacin da mutum kan zauna gaban rikoda ya yi sallama, ya gaida mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. A ƙauye, cikin ɗakin ƙasa mai rufin azara, muryar kan fito tas kamar mai ita na zaune bakin gado. Rikodar ƙauyen ta daɗe da mutuwa. To da mahaifiyarsa ta zo birni ganin likitan ido, sai tela ya ce yau Inna za ta ji Malam da kayan zamani. Ya zaunar da ita, ya danna. Wani gurnani ya cika ɗakin, kalma na hawa kan kalma, kai ka ce mutum uku ke gardama a cikin rijiya. Tsohuwa ta karkata kunne, ta daɗe tana saurare, sannan ta ce, "Kashe. Wannan ba Malam ba ne."

Maganar ta tsaya masa a rai. Likita ya ce idon ba zai dawo ba, kunnen ne ya rage mata, ga shi kwananta a birni ya kusa ƙarewa. Ya kai rikoda wurin mai gyara. A buɗaɗɗiyar rumfa aka gwada ta da wani kaset, ta yi magana lafiya lau. Ya dawo da ita gida ta koma gurnani. Ya canja wayar lasifika. Ya sayo lasifikar da ta kai masa ƙugu, ya ƙure murya, gilas ya ɗauki rawa, maƙwabci ya leƙo yana tambaya ko biki ake ba a gaya masa ba. Daga ƙarshe ya yanke cewa kaset ɗin ne ya tsufa ya lalace, ya rasa bakin da zai gaya wa Inna.

Abin da bai lura da shi ba mai sauƙi ne. Sauti kamar ƙwallo yake: ka buga shi a bango mai tauri, dawowa zai yi. A ƙaramin ɗaki kuwa ba shi da nisan tafiya, kafin kalma ta biyu ta fito ta farko ta dawo sun yi karo. Kusurwa kuma tara gurnani take yi. Ƙarin murya, ƙarin karo ke nan.

Ana gobe Inna za ta tafi, da la'asar, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ɗakin da aka sauke ta ya yi yoyo. Matar tela ba ta jira kowa ba. Ta jawo katifa ta jingina a bangon falo, ta kwaso barguna da zannuwan shanya ta rataye har kan taga, ta janyo lasifikun gaba ta jibge buhunan ƙyallayen ɗinkinsa a kusurwa, ta shimfiɗa wa tsohuwa darduma. Tela ya shigo a jiƙe ya tarar da wurin haka.

"Ke, falon nawa kika mayar kasuwar gwanjo?"

"To Maigida, in bar Inna cikin ruwa don tayil ya sha iska?"

Ya buɗe baki zai amsa, sai ya tsaya. Faɗan da ya yi bai dawo masa a kunne ba kamar kullum. Ya tafa hannu, tafin ya mutu nan take. Da ruwa ya tsagaita, Inna ta ce, "Ɗan nan, sa mini kaset ɗin, ko gurnanin ne, in ji kafin in tafi." Ya danna, ya rage murya. Aka ji gyaran murya, sannan sallama ta fito sarai, har da ɗan tarin nan da marigayin kan yi kafin magana. Tsohuwa ta gyara mayafi, ta sunkuyar da kai.

"Wa alaikumus salam, Malam. Ya hanya?"

Ta saurari kaset ɗin har ƙarshe, ta sa aka juya mata shi. Bayan ta tafi, tela ya sa kafinta ya haɗa masa alluna, ya cusa musu ƙyallaye, ya lulluɓe su da atamfa ya rataye a bangon dama da na hagu. Labule ya hau taga, darduma ta zauna daram, buhunan kusurwa ya ɗinka musu riga ya bar su a wurin. Babbar lasifikar kuwa tana shago, a kanta yake ajiye almakashi.

Ya zargi rikoda, ya zargi waya, har muryar mahaifinsa ya kusa binnewa, alhali bangon da ke ɓata zancen yana tsaye gabansa yana sheƙi. Irin wannan ne Hausawa ke cewa, an bar jaki ana dukan taiki.