Uwa Kaɗai Ta Isa

"A sake daga farko!" in ji Malam Haliru, ya buga tebur. Muryarsa ta riga ta dushe.

'Yan ajin ƙarshe na sakandaren da ke kan hanyar Tsamiya, a ƙaramar hukumar Bagudo, suka koma wurarensu suna gunaguni. Sun saba da salon koyarwarsa. Kowane zango sai ya mayar da aji kotu, a jera benci, a ɗinka rigar alƙali da baƙin yadi, su kwaikwayi wani babban hukunci. Sun yi na rikicin yankin Bakasi cikin dariya. Wannan karon babu dariya.

Shari'ar da ya zaɓa ta 1980 ce: wani ɗan majalisar Borno da aka kora zuwa Cadi, aka ce ba ɗan ƙasa ba ne, kotu kuma ta tabbatar masa da ƙasarsa saboda asalin mahaifiyarsa.

Kowa ya san abin da ke cin Malam. An kai ƙara cewa shi mutumin ƙasar Benin ne. Kwamitin tantance 'yan ƙasa na tafe ranar bikin ba da kyaututtuka. Zai fara da malamai, sannan ya bi ɗaliban da ke neman shaidar asali don shiga jami'a. Wanda aka yi shakkarsa an gama da shi.

Malam Haliru ya rame. Ya daina zama a ofishin malamai. Ya sayar da babur ɗinsa ya yi hayar lasifika, don kada wata kalma ta ɓace.

Kujerar alƙali kuwa ya ba Nana Aisha, yarinya mai ƙoƙari amma mai sanyin murya. Uwarta 'yar Kaoje ce, nan cikin Bagudo, ta rasu tun tana goye, kawunta Ango ya rene ta, da sunansa ma take amsawa a makaranta. Samarin ajin suka yi ƙorafi, Malam bai saurare su ba. Ya fi matsa mata fiye da kowa. In ta yi tuntuɓe a jimla sai ya sa ta maimaita har idonta ya kawo ruwa, shi kuma ya juya ya kalli taga.

Malama Surayya, mataimakiyar shugaban makaranta, ta tare shi a baranda.

"Malam, ka sassauta ma yaran ga. Wasan yara ba ya sauya ra'ayin kwamiti."

"In shugabansu ya faɗa da bakinai gaban jama'a, ba ya iya janyewa," ya ce. "Shi kaɗai nika so."

Ranar biki filin ya cika da iyaye, manoma da Fulanin rugagen kusa. Alhaji Na'Allah, shugaban kwamitin, ya zauna a gaba yana duba wayarsa. Lauyoyin yara suka yi musu, bai ɗago ba. Lasifika ta ɗauke, ta dawo. Gumi ya jiƙe rigar Malam Haliru.

Sai Nana Aisha ta miƙe cikin baƙar riga. Muryarta ta kai har bakin ƙofa.

"Wanda aka haifa a ƙasar nan, uwarsa 'yar ƙasar nan, ɗan ƙasa ne. Babu mai korar shi. Uwa kaɗai ta isa."

Fili ya ɗauki tafi. Mata suka rangaɗa guɗa. Malam Haliru bai jira an lafa ba, ya karɓi lasifika ya durƙusa gaban babban baƙo.

"Ranka ya daɗe, yaran na son ji daga gare ka. Haka dokar take har yau?"

Alhaji Na'Allah ya dubi taron, ya gyara babbar riga. "Haka take. Duk wanda uwarsa 'yar ƙasar ga ce, kwamitina ba ya taɓa shi. Ku shaida." Aka sake tafi. Ya yi murmushi. "To Malam, na gane dabararka. Mu gama a nan. Mahaifiyarka 'yar ina ce?"

Malama Surayya ta sauke ajiyar zuciya. An tsira.

"Segbana," in ji Malam Haliru. "Can cikin Benin. Ita da mahaifina duka, can kuma aka haife ni."

Kafin la'asar an sallame shi daga aiki.

Washegari Malama Surayya ta same shi a tasha da buhun kayansa, yana jiran motar iyaka.

"Don Allah mi ya kai ka? Ka san hukuncin bai shafe ka ba, ka sai da babur, ka wahal da yara!"

Malam Haliru ya ɗaga kai. Idonsa na kan hanya, inda Nana Aisha ke tahowa da gudu, takalmi a hannu, kawunta Ango na biye. Shekara da shekaru tana ce masa Malam. Ta ratsa cikin fasinjoji, ta riƙe hannun rigar Malam Haliru, ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji:

"Baba, yanzu ina iya faɗi ni ɗiyarka ce?"