Tanadin Mutum Huɗu

"Mu biyar ne fa a gidan nan," ta ce, tana kallon buhuna da jarkokin ruwan da mijinta ya jera a sito saboda ambaliyar da ake ta gargaɗi a kanta.

"Na mutum huɗu na tanada. In ruwa ya rufe hanya, ba kowa zan iya riƙewa ba."

Ta hango surukinta kwance a ɗaki, tsohon da ta gaji da jinyarsa. Ta danne murmushi.

"Lallai ka yi tunani, Baban yara. Ai Baba ya ci zamaninsa."

Da ya fita, ta buɗe akwatin magungunan da ya ajiye. Ga na zazzaɓin yaransu biyu. Ga na hawan jinin Baba, har kwali uku.

Ta zazzage akwatin kaf. Na ciwon asmarta, ko ɗaya babu.