Matar da Ke Gaban Shuɗin Labule

Sau arba'in da ɗaya Lauya ta kalli bidiyon, har yanzu ba ta san ko wace ce ba.

Bai kai rabin minti ba. Babu fuska, babu murya. Jikin mace ne kawai, sai wani shuɗin labule a bayanta da aka yi wa faci da ƙyalle rawaya daga ƙasa.

Wanda ya watsa shi kuwa an san shi. Mai gyaran waya ne a bakin tasha. In mace ta kawo masa waya, sai ya kwashe abin da ke ciki kafin ya taɓa gyaran. An kama shi, an sami bidiyon a kwamfutarsa. Amma alƙali ya ce shi ba ya shari'a da labule. Ko matar ta fito ta ce ita ce, kuma ba da izininta aka watsa ba, ko ya sallami mutumin ranar Litinin.

Abin da ke ƙona wa Lauya rai, dokar da za ta kama mutumin tana da wani sashe da zai iya kama matar da laifin ɗaukar hoton batsa. Wato ta zo neman haƙƙinta, ta koma gida da tuhuma a ka. Kullum Lauya sai ta rubuta haka a shafinta: ɓarawo ya shiga ɗaki, ana tambayar mai ɗakin me ya sa ta tuɓe. A ƙarshe ta roƙi matar ta tuntuɓe ta, ko da ba suna.

Matar ba ta tuntuɓe ta ba. Zagi dai ya zo, buhu-buhu. Abokiyar aikinta ta kwashe takardunta ta koma wani ofis, wai mijinta ba ya son surutu. Kujera biyu ta bari, da fanka mai kuka. A nan Lauya take cin abincin rana ita kaɗai, tana share saƙonni da hannun hagu.

Duk zagin bai yi mata ciwo kamar na Yaya ba. Yayarta ce uwa ɗaya uba ɗaya, tela, matar direban babbar mota da ba ya leƙo gida sai bayan wata huɗu. Da sunanta na gaskiya take rubutu a ƙarƙashin kowane bayanin Lauya, kuma ita ce ta farko kullum, kamar tana gadin shafin. Mace mai mutunci ba ta ɗaukar irin wannan. Wadda ta yi, ta ji da abinta. 'Yan uwa suka yi ta yaba mata, har goggonsu ta ce da ma ita aka kai makarantar lauyoyi.

Ranar Asabar Lauya ta gaji, ta je shagon. Ta tarar da Yaya a kan keke tana yi wa wani tsohon zanin gado faci. Halinta ke nan tun suna yara, ba ta yar da tsumma, ko ya mutu sai ta tashe shi. Ta rame, amma Lauya ba ramar ta zo dubawa ba.

"Yaya, me matar nan ta yi miki?"

Yaya ba ta ɗago ba. "Ke me kika sani a kanta? Kin taɓa zuwa gidanta?"

Lauya ta gane gorin. Shekara uku ke nan da Yaya ta tashi zuwa sabon gida, ita kuwa ba ta taɓa taka ƙofar ba, kullum aiki. Kunyar ta haɗiye, ta ce ba ta san matar ba, gaskiya ne. Wataƙila don mijinta ta ɗauka, wataƙila ba don shi ba, kuma ba ruwan kowa. Abin da ta sani, akwai wata mace a garin nan da ke kwana tana tashi da wannan abu ita kaɗai, ba ta da wanda za ta faɗa wa.

"In ta fito, zan tsaya a gefenta, ko duk dangi sun juya mini baya," in ji Lauya.

Keken ya tsaya. Yaya ta ce zare ne ya tsinke. Ta daɗe tana neman ramin allurar, Lauya ta yi sallama ta fita.

Ran Lahadi, karo na farko, Yaya ba ta rubuta komai a shafin ba. Lauya ta yi mamakin yadda ta ji kewar ko da zagin.

Litinin da safe ta iso kotu da jakar da babu sabon abu a ciki. Mai gyaran waya na tsaye da lauyansa, ya sha sabon aski, yana dariya. A ƙarshen barandar kotun, kan bencin jira, Yaya ce zaune da baƙar leda a cinya.

Zuciyar Lauya ta karye. Ashe har nan za ta biyo ta, ta ga faɗuwarta da idonta.

"Don Allah, Yaya, ban da yau."

"Kin ce za ki tsaya," in ji Yaya.

Ta kwance bakin ledar. A ciki, a ninke, an goge shi tsaf, shuɗin labule ne mai faci rawaya.