Waken da Ba a Ba Ruwa Ba

"Mama, yau Malama ta tsayar da ni, aji duka suna ta dariya."

Uwar ta ajiye tsintsiya. Jiya ta buɗe jadawalin da 'yan ajin ke cikawa tare a intanet, inda kowane yaro ke rubuta tsawon waken da ya shuka a gwangwani. Na wannan santimita tara, na wancan sha biyu, layin 'yarta kuwa sifili ne daga sama har ƙasa. Sauran iyaye ma suna gani, a ce tata ce koma baya? Ta goge, ta jera lambobin da suka zarce na kowa.

"Dariyar me?"

"Ai nawa ne aka ce kada a ba shi ruwa, don mu gwada da na sauran. Malama ta ce yaya busasshen wake ya fi kowanne tsawo."

Uwar ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Sai kika ce me?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai tana murza igiyar jakarta.

"Na ce ni na rubuta, Mama. Kada su yi miki dariya."