Duwatsun Inna

"Tsaya nan," in ji Inna. "Ba ni wayarka."

Na gangara da mota gefen titi. A bayanmu rana tana faɗuwa kan duwatsun garinsu, waɗanda ta shekara sittin tana gani daga ƙofar ɗakinta. Yau na kwaso ta za ta koma gidana da zama, ko gezau ba ta yi ba. Da maƙwabta suka fara kuka, cewa ta yi, "Mutuwa na yi?"

Ta fita, ta ba ni baya, ta ɗaga wayar. Idonta ba ya gani sosai, dannawa kawai take kamar mai kashe kwarkwata.

"Don yaranka na ɗauka," ta ce da ta dawo. "Ni me zan yi da dutse? Ja mu tafi."

Sai a gidan mai na duba. Ashe kyamarar gaba ce a buɗe. Hoto goma sha ɗaya, babu dutse ko ɗaya. Fuskar Inna ce, jawur da hasken yamma, hawaye har haɓa.

"Sun fito?" ta tambaya.

"Sun fito, Inna."