Makullin Armiya'u

Da hantsi Zainabu ta ga an sake shiga sabar da makullin Armiya'u.

Su uku ke kula da ita daga wani ɗan ofis a Kaura Namoda: ita Zainabu, da Armiya'u, da shugabansu Sodangi. Hayar sabar, wato wata kwamfuta da ke can nesa, suka yi a intanet, ita ke tura wa direbobi da 'yan sa-kai saƙon hanyar da za a bi da wadda 'yan bindiga suka tare. Ba a shigarta da kalmar sirri. Kowa da makullinsa na SSH, ɗan fayil da ke zaune cikin kwamfutarsa.

Satin da ya wuce aka tare motar su Armiya'u a hanyar Shinkafi. Aka harbe direba a kan sitiyari, aka kora fasinjoji daji da bulala. Sodangi, wanda ya raka shi tasha, shi ya kawo labarin yana kuka.

Tun daga ranar makullin bai huta ba. Duk hanyar da aka ce direbobi su bi, sai a tarar 'yan bindiga sun riga su. Aka ce 'yan sa-kai su taru bayan Moriki, aka yi musu kwanton ɓauna, wanda harsashi bai ƙarasa ba aka bi shi da wuƙa.

Zainabu ta ce za ta goge makullin daga sabar. Sodangi ya rufe mata kwamfuta.

"Bindiga suka aza ma Armiya'u ga kai, Zainabu. Ranar da ƙofar nan ta ƙi buɗewa, ranar za su yanka shi. Mi za ki ce ma mahaifiyarshi?"

Ta haƙura.

Ran kasuwa aka ƙone motar hatsi a hanyar Zurmi, da mutane a ciki. Yayanta ne direban. Da zobensa aka gane shi.

Daga wurin zaman makoki ta wuce ofis. Ba ta shawarci kowa ba, ta nemo layin makullin ta goge. Washegari Sodangi bai zo aiki ba. Ta san yana mata kallon wadda ta kashe mutum, ita ma haka take kallon kanta.

Sai ga labari sojoji sun kuɓutar da wasu daga cikin fasinjojin da aka sace, an kai su asibiti. Ta tarar da Armiya'u a kwance ya zama ƙashi da rai, hannayensa biyu a naɗe. Tun ranar farko aka farfasa masa yatsu da gindin bindiga.

Ta durƙusa gefen gadon.

"Ka yafe mini, ni na goge makullinka. Na san tilasta maka suka yi ka buɗe musu kwamfutar."

Ya juyo da kai ya dube ta.

"Wace kwamfuta? Ai ban tahi da ita ba. A tasha Sodangi ya karɓe ta, ya ce hanya ba kyau, shi zai aje mini."