Cikin da Ya Cinye Kaifi

Surukata Goggo Daso ce ta fara ba ni asirin wuƙaƙen gidanmu, ina amarya, zamanin da Nasara ke mulki a Magarya.

Mijinta Maina ɗan tauri ne, irin waɗanda ake yi wa kiɗa su ja wuƙa a ciki ba ta kama su ba. Duk kasuwar da ya ci sai ya dawo da tsohuwar wuƙa: ta Barno, ta Buzaye, ga kuma wata mai ƙotar ƙaho da ya gada wurin ubansa. Da Maina ya rasu, ɗansa Labbo ya gaji wuƙaƙen da goran maganin tauri. Labbo shi ne mijina. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma ko ƙaya ce ta soke shi sai unguwa ta ji.

Kwatsam sai ga manzon Kumandan, Baturen da ke mulkin garin, wai ana son 'yan tauri a bikin Nasara, kuma an ce gidan Maina ba za a rasa ba.

Labbo ya kwashi wuƙaƙen ya kai wa Ari maƙeri a Dungas. Ari ya kankare tsatsa, ya ɗaure ƙotocin da suka saki, ya shafa bakin mai ƙahon da yatsa.

"Kai Labbo, babanka dutse yake sara da wannan?"

"Jikinsa ne ya cinye kaifin," in ji Labbo.

Ari ya wasa su har suna aske gashin hannu.

Labbo ya dawo yana ta walƙiya da su a tsakar gida. Ya kwankwaɗi rabin goran magani, ya yini yana zarya bayan gida. Goggo ta dubi wuƙaƙen, ta dubi tumbin ɗanta, ta dubi hannuwanta da tsufa ya sa wa rawa.

"Mai da su kube," ta ce. "Babanka ba ya zare su sai ganga ta kira shi."

Sannan ta ja ni ɗaki. "Ke yarinya, kina son mijinki da hanjinsa a ciki?"

Na ce ina so.

Ranar biki makaɗa suka ɗauko kirarin Maina. Labbo ya tuɓe riga, ya zaro mai ƙaho ya ja a ciki. Ya sake ja. Ko ɗigon jini babu! Kumandan ya cire hula, ya sa tafinta ya taya wuƙar, Labbo ya ce gado ba na sayarwa ba ne.

A gida ya miƙo mini bakinta. "Taɓa ki ji. Na cinye kaifin, kamar baba!"

"Gado ke nan, ɗan nan," in ji Goggo.

Har ya koma ga Allah yana wannan taƙama. Ni kuwa, washegarin ranar da Goggo ta ja ni ɗaki, yana fita masallaci na zare wuƙaƙen ɗaya bayan ɗaya na dakushe su a kan dutsen niƙa, tana tsaye a kaina tana nuna mini yadda tata surukar ta koya mata.